Abin da Ya Gagari Farcen Asibi

Sunan maigidana Jika. Na faɗa sau ɗaya don ku san wanda ake magana a kansa, kuma ba zan sake ba, domin ba a gidan da mace ke kiran sunan miji aka raine ni ba. Ni ce Rahamatu. A Gangara muke zaune, cikin Damargu, ƙasar da in damina ta yi albarka hatsi kan rasa rumbun da zai shiga.

Abin da zan ba ku ya faru ne a shekarun da hanya ta kwanta, Nasara sun zauna a barikinsu na Tanut, an daina tare ayari a daji. Maigida sana'arsa hatsi. Mutanen Abzin su sauko da raƙuma su ɗauka, fataken Damagaram da na Kano su hauro neman fatu su kwana a wurinmu. Da baƙi suka yi yawa sai ya rushe tsohuwar rumfar ƙofar gida ya gina zaure na ƙasa, mai faɗi, da dakali a jikin bango. Gini ya yi kyau, ban ce bai yi ba. Daga nan ne kuma ciwon kanmu ya fara, don zauren da ya yi kyau sai ya nemi kayan zama masu kyau.

Tun kafin a shimfiɗa ko tabarma, zauren yana da mazauna biyu. Na farko Baba, mahaifin Maigida, wanda idonsa ya daɗe da tafiya. Da an yi asuba zai lallaɓa bango ya hau dakali, ba ya sauka sai don alwala. Ta biyu Asibi, kyanwa. Inna, mahaifiyar Maigida, ita ta tsince ta a bayan rumbu wata ranar Asabar, tana 'yar mitsitsiya, ta shayar da ita madara a bakin ludayi. Da Allah ya karɓi ran Inna, sai kyanwar ta kwashe kanta ta koma ƙafafun Baba, shi kuma ya kwashe hirar da yake yi da matarsa ya mayar kan kyanwar. Ita yake gaya wa wanda ya rasu a gari, da inda gwiwa ke masa ciwo, da cewa furar yau ta yi tsami. Wannan ta ƙarshen don in ji yake faɗa, na sani. In na kai masa tuwo sai ya fara gutsura mata kafin ya kai bakinsa. Akwai lokacin da ta bi wani muzuru ta ɓace, a kwanakin nan ko ruwa sai da rarrashi Baba ya sha. Tun ranar na san in babu Asibi, Baba ba zai daɗe da mu ba.

To amma ni tun da nake ban taɓa ganin farce irin na dabbar nan ba. In ta kwanta tana lumshe ido sai ka rantse ko ƙuda ba za ta iya kora ba. Bari ta tashi ta yi miƙa, ta kafa hannuwa a jikin abu ta ja. Ba fushi take yi ba, ba yunwa ba, aikinta ne kawai take yi, kuma tana yin sa tsakani da Allah.

Maigida ya fara da tabarmin kaba, rinannu ja da baƙi, saƙar matan Belbeji. Asibi ta samu bakin kaba ɗaya ta ja, gefen tabarma ya biyo ta, kafin kasuwa ta zagayo sun koma tsintsiya. Ya sayo kilishin shimfiɗa na gashin tumaki a hannun wani Balarabe, mai kauri, wanda ƙafa ke nutsewa a ciki. Ta mayar da shi kamar kazar da aka fara figa aka fasa. A nan mai hankali zai tsaya ya yi tunani. Maigida kuwa sai ya aika Damagaram wurin wani baduku, Mamman, aka ɗinko masa tumtum na jar fata, manya, cike da audugar rimi, da zanen kore da rawaya a samansu. Ranar da aka kawo su har maƙwabta sun shigo kallo.

Mamman ya aiko da saƙo cewa ƙasarmu ta fi tasu bushewa, fata na tsagewa, a riƙa shafa musu ɗan man shanu. Ɗan man shanu ya ce. Maigida ya shigo ɗakina ya ɗauki tandu guda, ya zauna ya mulke su sama da ƙasa har suna ƙyalli. Wato ya ɗauki abin da kyanwa ta fi son yagewa, ya shafe shi da abin da ta fi son lasa, ya ajiye mata a gabanta. Na ga abin, na buɗe baki zan yi magana, ya ce wai mata ba su san fata ba. Na rufe bakina na koma wurin daka.

Asibi ba ta taɓa samansu ba, sai ta bi ta ƙasa, ta gefen bango inda ido ba ya kai. Ranar da abin ya fito fili akwai babban baƙo, Alhassan, wani falken Kano mai jiki, wanda Maigida ya daɗe yana neman ya zame masa abokin ciniki. Aka nuna masa tumtum mafi girma. Ya tattara babbar rigarsa ya sake jiki a kai. Ina bayan ƙofa da ƙwaryar fura na ji fuuu! Da na leƙa, audugar rimi ta cika zaure tana yawo, Alhassan yana zaune a kan fata fayau, gwiwoyi a sama, gemu fari fat. Wani ya yi tari don ya danne dariya, bai iya ba, sai zauren duka ya ɗauka. Shi kansa Alhassan ya yi dariya har da hawaye. Mutum ɗaya ne bai yi ba.

Maigida ya miƙe, ya nuna kyanwar da yatsa.

"Wallahi tallahi, abin da na sake sawa cikin zauren nan, in ta yage shi, a buhu za ni sa ta! In ba masu raƙuma su tahi da ita, su yar da ita bayan Tenhya!"

Dariya ta ɗauke. Baba ya sunkuya. Ya laluba ya kamo Asibi, ya tura ta ƙarƙashin rigarsa, ya ɗora hannu biyu a kai.

Da baƙi suka fita zagaya gari na sami Maigida a tsakar gida.

"Malam, ka san abin da ka rantse a kai kuwa? Ba kyanwa ka rantse za ka yar ba."

"Na san abin da na ce."

"To ka yi kaffara mana. Ka ciyar da mabukata, hatsi dai bai ƙare mana ba."

"Gaban baƙi na rantse, Rahamatu. Gobe a ce cikin Kano, Jika na Gangara kyanwa ta sa ya janye maganatai? Wa zai yarda da mudun wanda rantsuwatai ba ta tsayawa?"

Ya ce zai aika wa Mamman a ɗinko wasu. Na ce ai ka san abin da zai same su, da mai ko ba mai. Ya tsaya yana tona ƙasa da ɗan yatsan ƙafa, don ba mugu ba ne, taurin kai ne ya yi masa yawa. Can ya ce, "Kafin su iso, ki samo abin zama da ba ta iya yagewa. In kin samo, shi za ni sa. In ba ki samo ba, abin da Allah ya yi shi ke nan."

Haka na zama mai gwajin kayan zama a bayan rumbu. Duk abin da na samo sai in kai can, in ɗauko Asibi lokacin da Baba ke gyangyaɗi, in ajiye ta a kai in koma gefe ina addu'a. Na kawo buzun rago, wannan ma ɓata lokaci ne. Na kawo ƙirgin sa, busasshe ƙarau, ta tsige gashin tas ta bar shi da zane-zane, ta tauna gefuna. Na roƙi wani mai jan ruwa guntun fatar raƙumi, ta ɗauki kwanaki tana fama, har na fara murna, sai na wayi gari na ga ta sami inda wuƙar mai fiɗa ta ɗan ci, ta faɗaɗa shi. Na ari asabari wurin wata Bafulatana, ta zare zaren fatar da ke riƙe da shi ɗaya bayan ɗaya, karare suka zube. Har kujerata ta itacen aduwa na gwada, ko da na san ba namijin da zai yarda ya zauna a kujerar mata gaban mutane, ita ma ta sassaƙe mata ƙafa.

Na gwada ta wata hanyar. Na ɗauko aska zan rage mata farce, ta bar min shaida a hannu wadda har yau tana nan, Baba kuma ya ji kukanta ya ce, "Ɗiyata, in kin yanke, wa zai tsare maku rumbu da kusu?" Gaskiyarsa. Na ce to Baba ya dawo cikin gida da zama shi da ita. Ya ce shi ba jinjiri ba ne da zai wuni tsakanin turmi da murhu. Na ce wa Maigida a bar dakali haka nan, a zuba farin rairayi a ƙasa, tunda dai ba a yage ƙasa. Ya ce baƙonsa ba zaman makoki ya zo ba.

Zaure ya zauna wayam. Baba ya rage ci. Hirar da yake yi da kyanwar ma ta koma raɗa, kamar mai yi wa matafiyi sallama. Ina jin tausayinsa har cikin ƙashina, ina kuma jin haushin ɗansa daidai gwargwadon haka.

Ana cikin wannan aka gama girbi, Attahir ya sauko. Attahir Ba'abzine ne, tsoho dogo, siriri, tantinsu na can tsakanin Belbeji da Tenhya. Shi da Baba sun san juna tun suna samari, kowace kaka yana zuwa da cuku da ɗan akuya ya koma da hatsi. Ban taɓa ganin bakinsa ba, kullum amawali ya rufe, idanu kaɗai ke waje. Ya shigo zaure ya duba dama ya duba hagu, ya zauna a dakali tsirara kusa da abokinsa, ya kira shi da sunansa.

"Audi, ɓarayi sun shigo maku?"

"Ɓarauniya ɗaya ce, ga ta bisa cinyata," in ji Baba. Ya kwashe labari duka ya gaya masa, ina durƙushe ina dama musu fura. Da ya zo kan rantsuwar ya ce, "Ita kaɗai ta rage min cikin abin da matata Salamatu ta taɓa da hannunta."

Attahir ya miƙa hannu ya kama dantsen kyanwar, ya danna tafinta a hankali, farata suka fito. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Ɗiyata, mi da mi kika gwada?" Na lissafa masa. Ya gyaɗa kai, ya sha furarsa. Washegari ya ɗaure hatsinsa ya hau raƙumi ya tafi, ko Allah ya kyauta bai ce ba. Na raka shi da harara har ya ɓace, na ce a raina wannan wace irin abota ce.

Ba a daɗe ba jakunan Damagaram suka iso da sababbin tumtum, a ɗaure cikin tabarma. A nan na gane Maigida shi ma tsoron rantsuwarsa yake ji. Ya kai ƙunshin ɗakinsa ya ajiye. Yau ya ce ƙullin igiyar ya yi tauri, gobe ya ce sai an yi wa zaure sabon daɓe, jibi ya ce ranar ba ta da kyau. Da an bar shi da haka zai kai damina. Sai ga saƙo daga Alhassan cewa yana tafe ranar kasuwa, shi da wasu manyan fatake, a nan za su sauka.

Ranar kasuwa da hantsi Maigida ya fito da ƙunshin ya dire a ƙofar zaure, fuskarsa kamar wanda aka aika ya yanka ragon da ya raina. Ya durƙusa yana kwance igiya. Baba yana jin motsin, ya rungume kyanwar. Ni kuwa ina tsaye da tsintsiya, ban san abin da nake sharewa ba.

Sai muka ji gurnanin raƙumi yana durƙusawa a waje. Attahir ne, shi kaɗai, ba kaya a raƙumin sai wani abu mai faɗi da ke rataye a gefe, naɗe cikin tsohon bargo. Ya kwance shi da kansa, bai yarda kowa ya taya shi ba. Ya shigo da shi zaure a rungume, ya tsayar da shi a ƙasa, ya kai masa har ƙirji. Sannan ya janye bargon.

Garkuwa ce. Na sha jin tsofaffi suna labarin garkuwar Abzinawa, ban taɓa sa ta a ido ba sai ranar. Fara ce, farin da ya tsufa ya koma kalar nono mai kauri, fata guda ba haɗi ba ɗinki. A tsakiyarta an tsaga wani zane da bakin wuƙa, layi-layi ƙanana, sun taru sun watsu, ido ya bi ya bi ya rasa inda suka fara. Gefunanta sun yi santsi saboda hannayen da suka riƙe ta. Hasken ƙofa ya faɗa a kanta, zauren nan da ya yi wata da watanni kamar kango sai ya zama wani wuri daban. Masu wucewa kasuwa suka fara tsayawa a bakin ƙofa, ba wanda ya yi sallama da ƙarfi.

"Mi ne ne? Mi ya sa kuka yi shiru?" in ji Baba.

Attahir ya ƙwanƙwasa ta da bayan yatsa. Ta amsa da wata murya mai zurfi, ba ta fata ba, ba ta itace ba.

"Warwaji!" in ji Baba, ya gyara zama. "Attahir, garkuwar gidanku ka ɗauko?"

Wani dattijo a bakin ƙofa ya shiga gaya wa na bayansa cewa warwaji farar dabba ce mai dogayen ƙahoni, tana can cikin rairayin arewa inda ba rijiya, tana iya wata da watanni ba ta sa ruwa a baki ba, fatar wuyanta da kafaɗa ita ake yin garkuwa da ita. Ya matso ya nuna wasu layuka da ba na ado ba, dogaye, a karkace, waɗanda da ƙyar ake ganinsu. Ya ce wannan sawun takobi ne. Wannan kuma mashi ne ya zame. Na dubi layukan, ba wanda zurfinsa ya kai a ɓoye ƙwayar gero a ciki.

Maigida ya ce, "Baba Attahir, wannan ai ba abin zama ba ne. Wa ya isa ya hau kanta?"

"Ba a hawa. Jingina ta da bango, bisa dakali. Audi ya jingina, baƙonka ya jingina. Kai ka rantse, kai za ka sa ta da hannunka."

Maigida ya dube ni, ya dubi mahaifinsa. Ya yi bisimilla ya ɗauke ta, ya hau da ita dakali ya jingina. Yanzu ta zama abin da ya sa a zaure, kowa ya gani, rantsuwa ta hau kanta. Attahir ya ce, "Audi, sake ta."

Baba ya daɗe bai buɗe hannuwansa ba. Da ya buɗe, Asibi ta sauko, ta yi hamma, ta taka a hankali zuwa sabon abu. Ta shinshina ƙasansa, ta shinshina gefe. Ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta ɗora hannuwa sama iya tsawonta, na ga farata sun fito, ta ja. Ƙara ta tashi kamar ana kankare ƙanzo a tukunya. Hannuwanta suka zame har ƙasa, ta faɗi zaune. Ta dubi tafinta, ta dubi garkuwar. Ta sake, ta zame. Sai ranta ya ɓaci, abin da ban taɓa gani ba, ta kwanta a gefe ta kama bakin fatar da hannu biyu tana harbi da ƙafafu, ta sa haƙori ta tauna, ta tashi ta yi tsalle ta maƙale ta sulalo. Ba wanda ya yi dariya. Mutum cike da ƙofa, ba ka jin komai sai ƙarar farce.

Da ta gaji ta koma gefe tana lasar hannu, Maigida ya sunkuya ya shafa wurin da tafinsa, ya kai ido kusa, ya sake shafawa.

"Babu," ya ce. "Ko ɗigo babu."

"Ikon Allah!" in ji dattijon nan. Wasu suka yi kabbara. Ni dai ina tunanin dabbar da ban taɓa gani ba, tana tsaye can cikin rana inda ba inuwa ba ruwa, Ubangiji ya tufatar da ita da irin wannan, ta mutu tun kafin a haifi uwata, ga fatarta yau a Gangara tana tsare ran tsoho. Hawaye suka zubo min, ban share ba.

Ba mu gama murna ba Asibi ta koma. Wannan karon ba ja ta yi ba. Ta kafa ido a wani wuri sama da tsakiya kaɗan, ta miƙe ta sa farce ɗaya ta ƙwaƙulo. Wani ɗan farin tsumma ya biyo farcen ya faɗo kan dakali. A inda ya fito sai ga huda.

"Ta huda ta!" wani ya faɗa daga ƙofa.

Maigida ya ɗago garkuwar ya juya ta wajen haske, rana ta ratso ta hudar ta sauka a ƙirjin rigarsa. Ni kuwa na zauna a ƙasa gaban maza ban ma sani ba.

"Ku kawo min in ji," in ji Baba.

Aka kai masa. Ya bi fatar da yatsu har ya sami wurin, ya zagaya bakin hudar, ya tura ɗan yatsa ya shige. Ya daɗe haka.

"Wannan ba aikin farce ba ne," ya ce. "Bakinta a zagaye yake, kuma ta tsufa." Ya juya fuskarsa inda yake jin numfashin abokinsa. "Attahir, wa ke bayanta?"

Attahir ya dubi garkuwar.

"Musa," ya ce. "Ɗana."

Ya ce shekarar da aka yi yaƙi a Abzin ne. Garkuwar ta kakansa ce, ta zo hannun ubansa, ta zo hannunsa, ba wanda jininsa ya taɓa zuba a bayanta. Da Musa zai tafi, shi ya rataya masa ita a raƙumi.

"Na ce mishi takobi ba ya cin ta, mashi ba ya cin ta, kibiya ba ta cin ta. Na ce mishi babu abin da ke cin ta. Ni na gaya mishi, da bakina. Ban san bindigar Nasara ba." Sannan ya ce, "Abokansa sun kawo min ita. Shi sun bar shi can cikin duwatsu. Na cusa tsumma, na naɗe ta, ban sake buɗewa ba sai yau."

Na ga dattijon bakin ƙofa ya sunkuyar da kai yana salati a hankali.

Maigida ya durƙusa ya jawo bargon. "Baba Attahir, ka yahe min. Ban sani ba. Ba ni iya karɓar wannan. Abin da ke da jinin ɗanka ba zai zama majinginar fatake a zaurena ba." Ya fara rufe ta.

Maganarsa daidai ce, ni ma da ni ce haka zan ce. Amma in garkuwa ta koma kan raƙumi, ga jar fatar Mamman can a bakin ƙofa tana jira, kuma duk wanda ke wurin ya san kwana nawa za ta yi. Baba ma ya sani. Ya laluba yana neman kyanwar, bai same ta ba, hannunsa ya tsaya a iska.

Attahir ya taka gefen bargon da ƙafarsa.

"Jika, bar ta."

"Baba Attahir..."

"Na ce bar ta. An yi ta don ta tsare wani. Na ba ta ɗana, ba ta tsare shi ba. Tun ranar tana kwance cikin tanti, ni ina kwance kusa da ita, ba mu da amfani mu duka biyu." Ya sunkuya ya ɗauki Asibi ta ƙeya, ya sa ta a hannun Baba da ke miƙe. "Yau na gani da idona ta tsare wani abu. Ko kyanwa ce, bar ta ta tsare."

Maigida ya saki bargon. Ya tashi ya mayar da garkuwar kan dakali, ya gyara mata zama a jikin bango, sannan ya kama kafaɗun mahaifinsa ya matsar da shi a hankali. Baba ya jingina. Bayansa ya rufe hudar. Asibi ta zagaya a cinyarsa ta kwanta, ta fara gurnaninta na jin daɗi, a cikin shirun nan har bakin ƙofa ana ji.

Attahir ya zauna a ƙasa yana fuskantarsu. Ya daɗe yana kallon abokinsa, da farar fatar da ta fito ta kowane gefe a bayansa. Sannan ya kai hannu ya ja amawalinsa sama har ya rufe idanu, mu kuma duk muka kau da kai.